Mutumin da Ke Kwance Kusa da Uwarku

Fa'iza, Mubarak, wannan babin naku ne ku biyu, don haka ku zauna ku karanta shi, ko da sai kun nemi wanda zai taya ku Hausar. Na san abin da ke cin ranku tun ranar da muka kai mahaifiyarku maƙabartar nan ta New Jersey. Ina tsaye da ƙasa a hannuna na ga Mubarak ya ƙura wa allon kabarin da ke manne da nata ido. Ka matso ka raɗa mini da Turancinka, wai wane ne wannan, ba nan ne wurin da aka kama wa Baba ba? Na ce maka sai mun koma gida. Muka koma, masu gaisuwa suka cika falo har kan matakala, daga nan bakina ya yi nauyi, ku kuma kuka yi zuciya. Har na ji Fa'iza na gaya wa ƙawarta a waya wai sayar da wurin na yi. Ban sayar ba, 'yar nan. Babanki ya sayar da abubuwa da yawa a duniya: atamfa a Kwatano, agogo a Jidda, takalman gwanjo a Tarabulus, har ƙanƙara na yi talla a Abijan. Amma rami dai ban taɓa sayarwa ba.

A Fagge inda aka haife ni ba wanda ke tanadin kabari. Ka mutu da hantsi, kafin la'asar an sa ka inda layi ya kai, ko kusa da attajiri ko kusa da wanda kuka shekara goma ba kwa ga maciji. Sai da na zo ƙasar nan na ga ana kama wa mutum wuri tun yana yawo da ƙafarsa, kamar kujerar jirgi. Lokacin da ƙungiyar masallacinmu na Highbridge ta samu ɗan yanki a maƙabartar, uwarku ce ta matsa mu karɓi biyu a jere. Ta ce ba ta bi ni rabin duniya ba don a ƙarshe a jefa ta cikin baƙi. Kun ji wannan maganar daga bakinta, shi ya sa abin ya yi muku zafi. Akwai wata maganar da ta yi daga baya wadda ba ku ji ba, kuna can makaranta, ɗaya a Buffalo ɗaya a Albany.

A 2014 bayana ya hana ni tuƙin tasi na tsawon yini, sai na koma jan motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda. Aiki ne mai sauƙi in kana da haƙuri. Mutanen nan kullum su ne dai, ka ɗauke su da safe suna da nauyi, ka mayar da su da rana sun yi laushi kamar tsumma. A cikinsu akwai wani ɗan tsoho da ake kira Mista Sok, yana hawa na huɗu a wani tsohon bene wajen Fordham, ba lif. Ɗan siriri ne, ranar da jikinsa ya ƙi goya shi nake yi mu sauko, kuma ban taɓa jin bayana ya yi ƙorafi ba. Ranar farko, da na ga fuskarsa, sai na tuna na je Bankok ta ƙasar Tailan saro kaya sau biyu, na ɗauko 'yar gaisuwar da na koya a can na haɗa tafin hannu na jefa masa, ina jiran a yaba mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni ba ɗan can ba ne," ya ce. "Kambodiya."

Na ce to ai maƙwabta ne. Ya ce haka ne, kamar yadda ni ma maƙwabcin ɗan Masar ne. Daga nan na san za mu daidaita. Turancinsa a karye, nawa a karye, sai suka haɗu suka yi daidai. Yana kirana Gaba, don Garba ya fi ƙarfin harshensa, ni kuma ina ce masa Tsoho.

Abu ɗaya ya so ya ɓata tsakaninmu. Kun san ba na tuƙi sai da ƙira'a a hankali. Ranar nan mun hau titin Grand Concourse, mai karatu ya ja wata aya, sai na ji Tsoho daga baya ya ce in kashe. Na rage. Ya ce a'a, in kashe. Muryarsa ta canza, kamar ba shi ba. Na kashe, amma raina ya sosu. Da na dawo gida na ba uwarku labari tana yanka kuɓewa.

"To sai me?" ta ce. "Motarka ce ko ta kamfani?"

"Ta kamfani."

"Ƙodarka ce ke ciwo ko tasa?"

"Hajiya, karatu ne fa."

"Karatun zai tsere ne kafin ka sauke shi? Ka bar bawan Allah da abin da ke damunsa, Baban Fa'iza."

Haka muka ci gaba, in ya shiga in kashe, in ya fita in kunna. A zuciyata na sa shi cikin waɗanda talabijin ta koya wa tsoronmu, na bar shi a nan.

Kun san ina cikin masu wankan gawa a masallaci, aikin da na koya wurin kawuna tun ina saurayi. Wata safiya cikin kaka muka yi wa wani dattijo ɗan Nijar wanka, na makara, na zo ɗaukar Tsoho ko gida ban biya ba. Ranar ƙafafunsa sun kumbura, na durƙusa ya hau bayana. Muna tsakiyar matakala na ji ya sa hancinsa a wuyan rigata. Ya kama hannuna ya kai fuskarsa. Sannan ya ce in tsaya.

"Kafur," ya ce. "Ka wanke wani."

Wa ya gaya wa ɗan Kambodiya ana sa kafur a ruwan ƙarshe?

"Da dama kake farawa," ya ce, "sannan hagu. Ka naɗe hannunka da ƙyalle. Ba ka buɗe shi duka."

Na sauke shi ya zauna a kan matakala, ni ma na zauna. Ya ce babansa ne mai wankan ƙauyensu. Ya ce su Cham ne, wata ƙabila ta Musulmi masunta a bakin kogin Mekong, kuma sunan da aka raɗa masa Sman, wato Usman a bakinsu. Ni da na je har ƙofar ƙasar sau biyu ina cinikin jakunkuna, wallahi ban san akwai mai kallon gabas a cikinta ba.

Sauran labarin guntu-guntu na tsince shi, a cikin cunkoson motoci, wata rana jimla biyu, wata rana ba komai. A 1975 wasu 'yan gurguzu suka ci ƙasar, sojojinsu masu baƙaƙen kaya da takalmin tayar mota, da yawansu ko gashin baki bai fito musu ba. Suka kwashe mutanen birane kaf, har waɗanda ke kwance a gadon asibiti, suka kora su gona a ƙafa. Suka soke kuɗi, suka soke kasuwa, suka soke makaranta, suka soke addinin kowa. Ba ka da tukunyar kanka. Kowa a rumfa ɗaya yake ci, ludayi guda na ruwan shinkafa, bayan an yini ana haƙar madatsar ruwa da hannu. In ka tsinki mangwaro a bishiyar da ubanka ya shuka, kai ɓarawo ne. In kana sa tabarau, kai mai ilimi ne, mai ilimi kuma maƙiyi ne. Ba sa ɓata harsashi, ƙotar fartanya ce a ƙeya. Shugabannin ba a ganinsu, sai dai a ce Ƙungiya ta ce. In aka ce Ƙungiya na kiranka ka je ƙaro ilimi, to ka kalli iyalinka da kyau. Yawancin waɗanda suka mutu 'yan ƙabilar Khmer ne masu bin addinin Buddha, 'yan uwan masu kashe su, sun haura miliyan nesa ba kusa ba, cikin shekarun da ba su cika huɗu ba.

Su kuma Cham sai aka ƙara musu da nasu. Aka tattara littattafan addini aka ƙone. Aka yanke wa mata gashi aka hana su rufe kai. Aka hana yarensu. Masallacin da babansa ke kiran salla aka zuba aladu a ciki, aka ce babansa ne zai yi kiwonsu. Tsohon ya yi kiwon, amma wata rana aka kama shi yana salla a zaune a bayan garken, yana nuni da kai kawai. Aka kira shi ƙaro ilimi.

Abin da ya fi nauyi sai da sanyi ya shigo ya faɗa mini. Muna dawowa daga asibiti, jikinsa ya yi laushi, yana kwance da kansa a jikin gilashi. Ya ce a shekarar ƙarshe aka tara su a harabar wani wurin ibada da aka mayar kurkuku, ana tambayar kowa ɗaya bayan ɗaya: kai Cham ne ko Khmer? Cham su yi nan, Khmer su yi nan. Shi ya yi shekaru yana kai kifi kasuwa, harshensa ya goge, ba a gane shi. Matarsa kuwa da ta buɗe baki an san ko ita wace ce, aka tura ta gefe ɗaya da ɗansu, yaro ɗan shekara shida. Da aka zo kansa ya ce shi Khmer ne, sunansa Sok. Aka miƙo masa romon alade a gwangwani don a gwada shi. Ya shanye. Sai yaron ya hango shi daga can, ya ɗaga murya ya kira shi baba da yarensu.

"Sojan ya ce mini, ka san yaron can?" Tsoho ya ce. "Na ce ban san shi ba."

Da yamma aka ɗebi wancan layin a jirgin ruwa zuwa tsakiyar kogi. Jirgin ya dawo ba kowa.

Na gangara gefen titi na kashe mota. Wani mai babbar mota yana ta danna mini hon, ko waiwaya ban yi ba. Ni mai surutu ne, kun sani, na yi ciniki da yare biyar, amma ranar na laluba bakina ban samu komai ba sai abin da na ji wurin malamai. Na ce masa wanda aka sa wa wuƙa a wuya ba a kama shi da abin da bakinsa ya furta, in dai zuciyarsa na nan.

"Na sani," ya ce. "Babana ya koya mini wannan. Amma malamai ba su ji muryar yaron ba."

Ya ce shi ya sa ba ya iya jin karatu. Ba ƙi yake ba. In ya ji, ƙauyen ne duka ke tashi ya tsaya a kansa. Bayan gwamnatin ta faɗi ya tsallaka sansanin gudun hijira a iyakar Tailan da sunan Sok, ya auri wata Khmer da ita ma aka kashe nata, suka haifi 'ya guda, Sopiya, aka kawo su Bronx. Shekara talatin da wani abu yana wuce masallatai a kan hanyar zuwa masana'anta, bai taɓa sa ƙafa ba. Matar ta rasu ba ta san sunansa na gaskiya ba.

"Gaba," ya ce, "in na mutu Sopiya za ta ƙone ni, kamar yadda aka yi wa uwarta. Yarinyar kirki ce, abin da ta sani ke nan. Ni ba don kaina ba. Babana ya wanke rabin ƙauyenmu, shi ba a wanke shi ba. Uwata, ƙannena, matata, yaron, ba wanda aka yi wa wanka, ba wanda aka sa wa likkafani. Ina so a ce gidanmu an wanke mutum ɗaya."

Na ce in dai ina raye za a yi. Na ce amma ya gaya wa 'yarsa da bakinsa. Ya ce zai gaya mata.

Bai gaya mata ba. Cikin watan Fabrairu na je ɗaukarsa da safe, na ƙwanƙwasa, Sopiya ta buɗe da idanu jajur. Ma'aikaciyar kantin magani ce, mai natsuwa, kullum in ta gan ni sai ta cusa mini lemo a aljihu. Ta ce ya cika a asibiti, kuma ta riga ta yi magana da gidan da ke shirya gawa, za a ƙone shi cikin makon, a ajiye tokarsa kusa da ta uwarta a wurin ibadarsu. Na tsaya a bakin ƙofa da hulata a hannu. Ku duba matsayina: baƙin mutum, direban kamfani, ba dangi ba, ba shaida, zan gaya wa mace a ranar mutuwar ubanta cewa ba ta san ko shi wane ne ba. Na yi tunanin in yi mata ta'aziyya in juya. Sai na ce ta ba ni izini in zauna.

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Da na kai kan yaron ta miƙe tsaye.

"Fita," ta ce. "Kai wane ne? Ubana ba shi da wani ɗa. Ku haka kuke, kowa sai kun ja shi cikin addininku, har matacce?"

Na fita. Na zauna a mota a ƙasa, na kira ofis na ce a ba wani sauran fasinjojina. Ban san me nake jira ba. Can wajen azahar sai ga ta ta sauko ba rigar sanyi, ta buɗe ƙofar baya ta zauna daidai inda yake zama. Sannan ta fara magana, kamar da kanta take. Ta ce in uwarta na dafa alade, fita yake ya zauna a matakala har warin ya wuce, suna ce masa mai tsirfa. Ta ce bai taɓa shiga wurin ibadarsu ba, sai dai ya kai su ƙofa ya jira a waje. Ta ce tana yarinya ta yi zazzaɓi mai tsanani, ya riƙe kanta yana tofa mata wasu kalmomi da ba yarensu ba ne, da ta tambaye shi ya ce mafarki ta yi.

"Mene ne sunan yaron?" ta ce.

Na ce bai taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Nan ta fashe da kuka. Da ta lafa ta ce in yi abin da ya ce, amma ita ba ta da wurin binne shi, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

Na wuce masallaci na samu Liman, Malam Mahamadu mutumin Tawa, tare da Alhaji Tanko ɗan Kumasi, shugaban kwamitin jana'iza. Liman ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi.

"Alhaji Garba, ka ji ya yi kalmar shahada?"

"Da kunnena ban ji ba, Malam. Na ce ya yi, ya ce bai manta ba, kunya yake ji."

Liman ya ajiye carbin. Ya ce wanda aka haifa cikin Musulunci aka fitar da shi da bakin fartanya, ba shi ne zai rufe masa ƙofa ba. Zai yi masa salla. Alhaji Tanko ya gyara zama. Kada ku ɗauke shi mugu, mutumin kirki ne, shi ke tashi cikin ƙanƙara ya bi gawar wanda ko gaisawa ba sa yi.

"Garba, salla kyauta ne, mu duka za mu tsaya," ya ce. "Amma rami fa? Wuraren da suka saura duk da masu shi. Mutane sun yi shekaru suna zubi. In na ɗauki na wani na ba mutumin da ba wanda ya taɓa gani a sahu, gobe tsohon wani ya mutu, me zan gaya wa 'ya'yansa?"

Gaskiya ya faɗa. Muka buga waya wasu wurare, ko'ina sai an jira, gidan gawa kuma ba sa jira.

Na dawo gida bayan la'asar na tarar da uwarku ta dawo daga aiki, ta miƙe ƙafafu a kan kujera tana shafa musu man zafi. Ta san labarin Tsoho, don ba abin da nake ɓoye mata sai yawan sukarin da nake zubawa a shayi. Na ba ta labarin yadda aka yi. Ban roƙe ta komai ba, Allah ne shaida. Na dai zauna ina murza hula.

"Baban Fa'iza, hular nan ba ta yi maka laifi ba. Faɗi abin da ke bakinka."

"Wurarenmu biyu ne, Hajiya."

"Na san lissafi."

Ta ci gaba da shafa ƙafarta. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta juya wajen taga. Ku tuna mace ce da ta bar uwarta da 'yan uwanta a Kano, ba ta samu zuwa jana'izar ko ɗaya ba. Wurin nan guda biyu shi ne kaɗai ƙasar da ta taɓa mallaka a duniya.

"Yaron nan," ta ce, "shekararsa nawa ka ce?"

"Shida."

"Kamar Mubarak lokacin da muka zo."

Ta rufe kwalbar man ta ajiye.

"Naka za ka bayar, ba nawa ba, kada ka ga na yi shiru. Shekara talatin ina fama da minsharinka, dama ina tunanin yadda zan yi da shi har tashin kiyama. Wannan bawan Allah ka ce ba shi da hayaniya ko?"

"Ko tari ba ya yi da ƙarfi."

"To a kawo shi. Mutum ya rasa kowa nasa, a ce kuma ya rasa rami? A kawo shi. Amma kada ka gaya wa yaran nan yanzu, za su cika mu da surutun Amurka. Ni zan gaya musu da kaina in na samu lokaci."

Ba ta samu ba. Ciwon ya zo mata da sauri, kun gani da idonku.

Ni na yi masa wanka, Alhaji Tanko na zuba mini ruwa, shi ya kawo likkafanin ma daga gidansa. Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci, don haka ba zan rubuta ba. Zan dai ce muku Alhaji Tanko, wanda ya wanke gawa ta fi a ƙirga, sai da ya ajiye butar ya fita waje ya dawo. Na fara da dama, sannan hagu. Da na zo ruwan ƙarshe na narka kafur na zuba fiye da yadda na saba. Na sunkuya na ce masa a kunne, Usmanu, ga shi an yi. Aka yi masa salla bayan azahar, sahu uku, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya da wasu 'yan Gambiya, ba wanda ya san fuskarsa. Ƙasa ta daskare har sai da injin haƙa ya yi da gaske. Sopiya na tsaye can nesa cikin fararen kaya, uwarku na riƙe da hannunta, tana ce mata Safiya, don ta ce sunan ya fi sauƙi.

Da aka gama na je in yi wa Sopiya sallama. Ba ta kalle ni ba.

"Shekara ɗaya ka san shi," ta ce, "ya ba ka sunansa. Ni shekara talatin da uku ina tare da shi, ni ke dafa masa abinci. Yanzu uwata na can ita kaɗai a cikin tulu, shi yana nan cikin mutanen da ban sani ba. Na yi abin da yake so. Amma kada ka jira in gode maka."

Ban jira ba. Gaskiyarta ce. Na cika wa mamaci alkawari, mai rai ce ta biya. Na kira ta sau biyu bayan haka ba ta ɗauka ba, sai na ƙyale ta. Har yau in na tuna tsayuwarta a wurin nan, abinci ba ya yi mini daɗi.

Sai bara, bayan rasuwar uwarku, na je ziyara wata Lahadi cikin kaka, ganye ya fara ja. Daga nesa na hango mace a durƙushe tsakanin kaburburan biyu. Sopiya ce. Ta ga allon uwarku, ta gane, ta yi mini gaisuwa da 'yan kalmomi kaɗan. A hannunta akwai 'yan dunƙulen shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba. Ta ce a wurinsu akwai wasu kwanaki a shekara da ake sakin matattu su zo neman abinci wurin danginsu, wanda bai samu nasa ba ya koma da yunwa. Mutanensu ba sa wasa da kwanakin nan, don yawancin nasu da yunwa suka tafi. Ta ce uwarta tana samun nata a wurin ibada. Ubanta kuwa ta san ba zai shiga ba, a ƙofa zai tsaya, shi ya sa take kawo masa nan. Ta ajiye masa ɗaya. Ta ajiye ɗan ƙarami kusa da shi, ta ce na yayanta ne da ba ta san sunansa ba. Sannan ta ɗauki na uku ta dube ni.

"Ita ta riƙe mini hannu," ta ce. "In ajiye mata?"

Na san abin da addinina ya ce. Mamaci addu'a yake buƙata, ba shinkafa ba, kuma da uwarku na iya magana da ta ce an cika wa shinkafar ruwa. Na ce ta ajiye. Ta yi nata a durƙushe, na yi nawa a tsaye da tafin hannu a buɗe, ba wanda ya gyara wa wani. Kafin mu kai bakin ƙofa tsuntsaye sun sauka.

Don haka in kun je ziyara cikin kaka kuka tarar da shinkafa a ganye a kan kabarin uwarku, ba asiri ba ne, kada Mubarak ya sa ƙafa ya ture. Ku yi mata addu'a, ku yi wa Usmanu, ku haɗa da wani yaro ɗan shekara shida, Allah ya san sunansa. Ni kuma in tawa ta zo, kada ku wahalar da Alhaji Tanko. Ku sa ni inda layi ya kai.